Nazarin Lamari: Tsohuwar Kyanwa Mai Ciwon Ƙoda da Matar da Ta Yanke Shawarar Kawo Ƙarshen Wahalarta

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 61 lokacin da al'amarin ya zo ƙarshe. Ta yi ritaya daga aikin koyarwa, kuma ita kaɗai take zaune a gidanta tun rasuwar mijinta a 2018. 'Ya'yanta biyu ne, kowa da gidansa: macen tana kusa, takan leƙo ta sau biyu ko uku a mako, namijin kuwa sai an yi tafiyar yini guda kafin a isa inda yake. Kyanwar ta shigo gidan a 2007, marigayin ne ya tsinto ta tana 'yar ƙarama da ba ta wuce mako shida ba, ya raine ta har ta saba da kwana a gefen ƙafarsa. Bayan rasuwarsa ta koma kwana a gefen ƙafar matar. An yi mata aikin hana haihuwa tun tana ƙarama, ana yi mata rigakafi a kan kari, ba ta taɓa doguwar jinya ba, kuma nauyinta ya daɗe a tsaye a kilo 4.2.

Abin da ke tafe an tattara shi ne daga takardun gwajin asibitin dabbobi, da littafin da matar ta riƙa rubutu a ciki a watan ƙarshe, da bayanin da ita da 'yarta suka bayar.

Maris zuwa Yuni 2022: alamun farko da gano cutar

A watan Maris matar ta lura kwanon ruwan da take cikawa sau ɗaya a rana ya koma sai ta cika shi sau biyu, kuma yashin da kyanwar ke fitsari a ciki yana jiƙewa fiye da da. Ta ɗauka tsufa ne. Sai da aka shiga Yuni, ta shafa bayan kyanwar ta ji ƙashin baya a fili a ƙarƙashin hannunta, sannan ta kai ta wurin likitan dabbobi. Sikeli ya nuna kilo 3.8.

Gwajin jini ya nuna sinadarin kiriyatinin, wanda ƙoda mai lafiya ke tacewa ta fitar a fitsari, ya kai 2.4, fosforos kuma 5.6, dukansu a ma'aunin miligiram cikin desilita. Fitsarin ya tsinke, kaurinsa 1.018, alhali na kyanwa mai lafiya yakan wuce 1.035. Bugun jininta 150. An maimaita gwajin bayan mako biyu, adadin bai sauya ba, likita ya tabbatar da ciwon ƙoda mai daɗewa. A tsarin da ƙungiyar likitocin dabbobi masu nazarin ƙoda, wadda aka sani da IRIS, ta shimfiɗa, kyanwa mai kiriyatinin daga 1.6 zuwa 2.8 tana mataki na biyu, daga 2.9 zuwa 5.0 mataki na uku, abin da ya haura 5.0 kuwa mataki na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe. Wannan kyanwa tana mataki na biyu ke nan.

Likita ya faɗa wa matar abu biyu a wannan rana. Na farko, ƙodar da ta lalace ba ta komawa daidai, kuma kiriyatinin ba ya tashi a jini sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙoda ya tafi, don haka cutar ta riga ta yi nisa tun kafin watan Maris. Na biyu, ana iya rage saurinta, kuma kyanwa da yawa a wannan mataki suna ƙara shekaru cikin jin daɗi. Matar ta ce daga baya na biyun kawai ta riƙe.

Yuli zuwa Satumba 2022: sauya abinci

Babban magani a wannan mataki shi ne abinci na musamman mai ƙarancin fosforos da daidaitaccen furotin, domin fosforos da ke taruwa a jini yana ƙara cinye abin da ya rage na ƙodar. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2000 ya nuna kyanwoyin da suka karɓi irin wannan abinci sun rayu tsaka-tsakin kwana 633 bayan gano cutar, waɗanda ba su karɓa ba kuwa kwana 264.

Yunƙurin farko bai yi nasara ba. Matar ta kwashe tsohon abincin gaba ɗaya ta zuba sabon, da tunanin yunwa za ta sa kyanwar ta haƙura. Kwana uku kyanwar tana sunsunawa tana juya baya. Da aka kira likita ya ce a mayar mata da abincinta nan take, saboda kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse na iya taruwa a hantarta, cutar da ke iya kashe ta tun kafin ƙodar ta kashe ta. A karo na biyu an bi a hankali: cokali ɗaya na sabon a kwano dabam kusa da nata, ana ɗan ɗumama shi don ƙamshinsa ya tashi, ana ƙara yawansa duk bayan kwana huɗu ko biyar. An ɗauki mako biyar kafin ta karɓa. A gwajin Satumba fosforos ya sauka zuwa 4.3, ƙasa da 4.6 da ake nema a wannan mataki, kiriyatinin kuma ya tsaya a 2.3.

Oktoba 2022 zuwa Oktoba 2023: shekarar sauƙi da makanta

Shekara guda cur ba a ga wani abin tashin hankali ba. Nauyi ya tsaya tsakanin kilo 3.6 da 3.7. An tsara a riƙa duba ta duk wata uku, matar ta kai ta a Disamba da Maris, sannan ta tsallake na Yuni da na Satumba, saboda kyanwar tana firgita da tafiya a mota, kuma ga dukkan alamu lafiyarta lau.

Wata safiya a tsakiyar Oktoba 2023 kyanwar ta sauko daga gado ta yi karo da ƙafar kujera, ta juya ta sake karo da bango. Baƙin idonta ya buɗe war ko a cikin haske. A asibiti bugun jininta ya nuna 210, kuma duk abin da ya kai 180 ana ɗaukarsa hawan jini mai tsanani. Tantanin da ke bayan ido, wanda shi ke karɓar haske, ya ɓantare a idanu biyun. Hawan jini abokin tafiyar ciwon ƙoda ne a kyanwa, kuma sau da yawa ba ya nuna kansa sai ya yi irin wannan ɓarna. An sa ta a kan amlodifin, maganin hawan jini, miligiram 0.625 kullum. Cikin kwana goma bugun jinin ya sauka zuwa 145, amma ganin bai dawo ba, sai ɗan bambance haske da duhu a idon hagu. Kyanwar ta saba da makantar cikin mako uku, tana bin bango da gashin bakinta, muddin ba a sauya wa kayan ɗaki wuri ba. Matar kuwa ta ɗora wa kanta laifin gwaji biyun da ta tsallake, ta kuma ƙudurta a ranta cewa daga ranar ba za a sake cewa ta gaza a wani abu ba.

Janairu zuwa Afrilu 2024: cutar ta tsananta

A Janairu kiriyatinin ya kai 3.9, mataki na uku, nauyi kilo 3.2. Amai ya fara zuwa sau biyu ko uku a mako. An ƙara marofitant don tashin zuciya, da mirtazafin da ake shafawa a cikin kunne don buɗe ci, da garin da ake barbaɗawa a abinci ya kama fosforos a hanji. An kuma koya wa matar ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata: mililita 100 a tsakanin kafaɗu, duk bayan kwana biyu, da ƙarfe biyar na asuba lokacin da kyanwar ta fi natsuwa. Ruwan ya taimaka ƙwarai a wata biyun farko. Ci ya dawo, kyanwar ta koma hawa bakin taga tana shan hantsi.

A ranar 9 ga Afrilu ta daina ci gaba ɗaya, bakinta yana wari irin na fitsari, dadashinta ya yi fari. An kwantar da ita kwana uku ana yi mata ƙarin ruwa ta jijiya. Kiriyatinin ya sauka daga 7.1 zuwa 5.4. Jajayen ƙwayoyin jininta sun ragu zuwa kashi 19 cikin ɗari na jinin, domin ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, idan ta gaza sai ƙarancin jini ya biyo baya. Ranar sallama likita ya ce mata: «Malama, adadin ya sauka ne saboda ruwan da muka wanke jinin da shi, ƙodar tana nan yadda take. Makonni muke magana, ba watanni ba. Ya kamata mu fara tattauna yadda kike so ƙarshen ya kasance.» Matar ta amsa cewa 5.4 ya fi 7.1, kuma idan aka ci gaba zai ƙara sauka.

Tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu: ɗura

A gida kyanwar ba ta cin fiye da cokali biyu a yini. Matar ta fara yi mata ɗura da sirinji sau biyar a rana, tana naɗe ta a tawul don kada ta yage ta. Ƙarin ruwa ya koma kullum. Idan aka haɗa da ƙwayoyi da shafe-shafe, ana kama kyanwar don magani sau tara a yini. An yi maganar saka bututun abinci ta wuya, wanda kan rage irin wannan kokawa, amma likita ya ga sa ta barci don aikin yana da haɗari a halin da take ciki.

Nauyi ya ci gaba da sauka duk da ɗurar: kilo 2.9 a ranar 20 ga Afrilu, 2.7 a ranar 4 ga Mayu. Wani abu kuma ya sauya wanda sikeli ba ya aunawa. Kyanwar da ta shekara shida tana kwana a gefen ƙafar matar ta koma ƙarƙashin gado, kuma da ta ji takun matar sai ta ƙara matsawa ciki. Idan 'yar ce ta shigo, takan fito. 'Yar ce ta fara faɗin abin a fili: «Mama, tsoronki take ji yanzu.» Matar ba ta yi mata magana ba har kwana biyu.

6 zuwa 20 ga Mayu: ma'auni da littafi

A ziyarar 6 ga Mayu likita ya ba su takardar ma'aunin ingancin rayuwa da Dakta Alice Villalobos, likitar kansar dabbobi a Amurka, ta tsara. Ma'aunin yana duba abu bakwai: ciwo, cin abinci, ruwan jiki, tsabta, walwala, iya motsi, da ko kwanaki masu kyau sun rinjayi marasa kyau. Kowanne ana ba shi maki har zuwa 10, jimla 70, kuma abin da ya haura 35 ana ɗaukarsa rayuwar da za a iya ci gaba da jinya a cikinta. Uwa da 'ya suka cika, kowa ita kaɗai. Uwar ta samu 43, 'yar ta samu 26. A wajen cin abinci uwar ta ba da 7, domin a ganinta abinci yana shiga ciki. 'Yar ta ba da 2, domin ba da son kyanwar yake shiga ba. Takardar ba ta raba gardamar ba, sai dai ta nuna daidai inda gardamar take.

Likita ya kawo wata dabara mafi sauƙi. Ya ce matar da kanta ta faɗi abu uku da kyanwar ta fi so a duk rayuwarta, waɗanda ana iya gani da ido a ce an yi ko ba a yi ba. Ta lissafa: zuwa da ƙafarta wurin kwano ta ci, hawa bakin taga da hantsi, da zuwa gefen ƙafarta da dare. Kowace rana kafin ta kwanta za ta rubuta a littafi wanne aka yi. Ranar da aka samu biyu cikin uku rana ce mai kyau. Aka kuma yi yarjejeniya a rubuce, da hannun matar, cewa idan aka yi kwana bakwai a jere babu rana mai kyau, ko kyanwar ta yi jijjiga, ko numfashi ya yi mata wuya, lokaci ya yi. A wannan zama aka dakatar da ɗura, aka rage magani zuwa na hawan jini da na tashin zuciya da ƙarin ruwa, aka kuma bar ta ta ci duk abin da ranta ke so, ko da ba na masu ciwon ƙoda ba ne.

Kwana huɗu da daina ɗura kyanwar ta fito daga ƙarƙashin gado. A daren 11 ga Mayu ta hau gadon ta matakalar akwatuna da aka jera mata, ta kwanta a wurinta. Littafin ya nuna rana mai kyau a 11 da 12 da 13 ga wata. Daga 14 zuwa 20 babu ko ɗaya. An tsayar da Talata, 21 ga Mayu.

21 zuwa 29 ga Mayu: ɗagewa

Da safiyar Talatar kyanwar ta je wurin kwano ta ci kusan rabinsa, abin da ba ta yi ba cikin mako guda. Matar ta kira asibiti ta soke. Likitocin dabbobi sun san irin wannan farfaɗowar ta yini ɗaya a dabbar da ke gab da mutuwa, kuma likita ya faɗa mata haka a waya, amma ya ce shawarar tata ce, ba zai matsa mata ba.

Shafukan 22 zuwa 28 ga wata ba su nuna ta yi ko ɗaya cikin abu ukun ba. Kyanwar ta daina lasar jikinta, tana fitsari a inda take kwance, ƙafafun baya suna ɗaukewa idan ta miƙe. Nauyi kilo 2.4. A daren Laraba, 29 ga wata, wajen ƙarfe biyu, ta yi jijjiga ta kusan minti biyu, tana kumfa, sannan ta yi awa guda tana kewaya ɗaki tana kuka ba ta gane inda take ba. Matar tana ita kaɗai, babu asibitin da za ta iya kaiwa a wannan lokaci. Ta zauna a ƙasa kusa da ita har gari ya waye.

30 ga Mayu 2024

Likita ya zo gida da ƙarfe huɗu na yamma, don kada a ƙara wa kyanwar wahalar mota. 'Yar tana nan. Kafin ya buɗe jakarsa ya bayyana musu duk abin da za su gani, mataki-mataki, matar ta sa hannu a takardar amincewa. An shimfiɗa tawul a bakin tagar. Allurar farko ta sa barci ce, a ƙarƙashin fata, kuma cikin minti bakwai jikin kyanwar ya saki, kanta a tafin hannun matar. Likita ya ba su minti goma su kaɗai. Ya dawo ya aske ɗan gashi a ƙafar gaba, ya nemi jijiya, wadda ta ba shi wuya saboda rama da ƙarancin jini, sai a karo na biyu ya same ta. Allura ta biyu fentobabital ce mai yawa, maganin da ke kashe aikin ƙwaƙwalwa da farko, ta yadda dabbar ba ta san komai ba kafin numfashi ya tsaya, sannan zuciya. Bai kai minti biyu ba likita ya saurari ƙirjin ya ce ta tafi.

Idanunta sun kasance a buɗe, kuma bayan zuciyar ta tsaya ƙirjin ya ɗaga sau ɗaya kamar ajiyar zuciya. Duka biyun an riga an gaya musu za su iya faruwa, kuma motsin tsoka ne kawai. 'Yar ta ce in ba don wannan gargaɗi ba, da uwar ta ɗauka kyanwar tana da sauran rai. Likita ya kuma ja hankalinsu cewa maganin yana zama a gawar, yana iya kashe kare ko tsuntsun da ya ci, don haka ramin ya yi zurfi sosai. Suka binne ta kafin faɗuwar rana. Shekararta 17, kuma ta rayu wata 23 bayan gano cutar.

Yuni zuwa Agusta 2024: bayan mutuwar

Washegari, da nufin taimako, 'yar ta kwashe kwanoni da magunguna da matakalar akwatunan tun kafin uwar ta tashi. Matar ta ce da ta fito ta ga wurin fayau sai ta ji kamar an share shekara 17 a dare ɗaya. Aka dawo da kwano ɗaya da tawul ɗin.

A mako ukun farko tana farkawa ƙarfe biyar na asuba daidai, lokacin ƙarin ruwa, ba ta iya komawa barci. Takan ji kamar motsi a gefen ƙafarta. Cinta ya ragu, ta rame da kilo uku. Zargin kai yana zuwar mata ta fuska biyu masu karo da juna: wani lokaci ta ce ita ta kashe ta da sa hannunta, alhali wataƙila da ta ƙara kwanaki, wani lokaci ta ce ita ta jawo mata daren jijjiga da ta soke ranar Talata. Da ta gaya wa wata ƙawarta, ƙawar ta yi dariya ta ce ai mage ce kawai, ta godewa Allah ba mutum ba ne. Daga nan ta daina faɗa wa kowa, idan an tambaye ta sai ta ce ba ta jin daɗin jikinta ne. Wani masanin jimami na Amurka, Kenneth Doka, ya yi wa irin wannan hali suna tun 1989: baƙin cikin da jama'a ba su yarda mai shi yana da haƙƙin yinsa ba, sai ya ɓoye, ɓoyewar kuma ta ƙara masa nauyi.

A rana ta tara ɗanta ya zo da 'yar kyanwa mai wata biyu. Matar ta ciyar da ita, ta kula da ita yadda ya kamata, amma ba ta iya ɗaukarta ba, kuma ranar da ta same ta a bakin tagar sai ta fita daga ɗakin tana kuka. Bayan kwana goma sha ɗaya 'yar ta tafi da ita gidanta.

A mako na shida, da rashin barcin ya ƙi ƙarewa, 'yar ta kai ta wurin likitanta, wanda ya haɗa ta da mai ba da shawara kan jimami. Sun zauna sau huɗu. A zama na biyu maganar ta bar kan kyanwa ta koma kan mijin, wanda ya rasu a asibiti da dare ba ta kusa, kuma ta ce kyanwar ce abu na ƙarshe mai rai a gidan da ya san hannunsa. A tsakanin zaman nan ta koma wurin likitan dabbobin da littafinta, suka bi shi shafi-shafi. Daga 6 zuwa 30 ga Mayu kwana 25 ne, kuma ranaku masu kyau uku ne kacal a ciki, dukansu kafin 14 ga wata. Ta tambaye shi ko ta yi gaggawa, ya nuna mata shafukan. Ta tambaye shi ko ta makara, ya ce e, da kwana tara, kuma da yawan masu dabbobin da ya sani ta wannan gefen suke kuskure, domin ƙauna ce ke riƙe musu hannu. Ta ce wannan amsar, da ba a sassauta ta ba, ita ce ta fara ba ta barci.

Inda aka tsaya

Zuwa ƙarshen Agusta barcinta ya dawo, nauyinta ya dawo a Nuwamba. A Fabrairu 2025 ita da kanta ta karɓi wata kyanwa mai shekara takwas wadda mai ita ya rasu. Ta kai ta gwajin jini da na bugun jini a makon farko.

Hukunci

Ta fuskar jinya, abu uku sun yi aiki kuma dalilinsu a bayyane yake: abincin da aka shigar a hankali ya sauke fosforos, amlodifin ya tsare abin da ya rage bayan makanta, ƙarin ruwa ya ba da wata biyu na jin daɗi na gaske. Tsallake gwaji biyu a 2023 kuskure ne mai tsada, domin awon bugun jini na minti kaɗan zai iya kama matsalar kafin ido ya tafi, kuma tsoron mota yana da magani, ana ba kyanwa gabafentin kafin tafiya ta natsu. Amma illar wannan kuskure ba ta tsaya a ido ba. Shi ne ya haifar da alwashin kada a sake gazawa, alwashin kuma shi ya haifar da makonni uku na ɗura, wadda ba ta tsayar da rama ba, ta kuma raba kyanwar da mutum ɗaya da ta dogara da shi a lokacin da ba ta gani. A ganina wannan ne mafi munin abin da ya faru a jinyar, ya fi daren jijjiga, saboda ya fi tsawo kuma da hannu aka yi shi.

Adadin gwajin jini ya yaudari matar a Afrilu don yana motsi, abin da ke motsi kuwa yana kama da ci gaba. Ma'aunin maki 70 bai warware komai shi kaɗai ba, tunda mai cikawa yana iya karkata kowane maki zuwa abin da zuciyarsa ke so. Littafin abu uku ya fi shi amfani a nan saboda tambayoyinsa ba su da tsakiya, ko ta hau taga ko ba ta hau ba, kuma matar ce ta zaɓe su, ba a ɗora mata ba. Duk da haka bai hana ta soke ranar Talata ba. Yarjejeniyar ta faɗi lokacin da za a yanke shawara, amma ba ta ce komai ba game da abin da za a yi idan kyanwar ta ci abinci da safiyar ranar, kuma ba a tanadi lambar da za a kira ko maganin da za a bayar idan rikici ya zo da tsakar dare ba. Waɗannan giɓi biyu na likita ne gwargwadon yadda suke na matar, tunda shi ya san farfaɗowar yini ɗaya aba ce da aka saba gani, ya kamata ya faɗe ta tun ranar 6 ga Mayu, lokacin da kunnenta zai iya ɗauka.

A ɓangaren jimami, kwashe kaya da kawo sabuwar kyanwa da cewa mage ce kawai duk sun taso daga son a ga ta warware da wuri, kuma duk sun ƙara mata kaɗaici. Abin da ya sassauta zargin kai shi ne shaidar da ta rubuta da hannunta tun kafin baƙin ciki ya fara sauya mata abin da take tunawa, da likitan da ya yarda ya ce mata ta makara da kwana tara maimakon ya ce ta yi komai daidai, maganar da ba za ta gaskata ba. Rashin barcin kuwa bai tafi ba sai da aka taɓo mutuwar 2018, wadda babu wanda ya kawo ta a lissafi a cikin wata 23 da aka yi ana jinyar kyanwar.